Azurfarki ta yi baƙi? Kada ki kai ta ga rairai



Kwanan baya mun kai ziyara wata cibiyar yaƙi da jahilci ta mata, a wani gari na ƙasar Tibiri, cikin Dallol Mawri. An gama karatu, an rufe littattafai, ana fira. Sai wata dattijuwa ta kwance haɓar zanenta, ta fiddo munduwa guda. Baƙa ƙirin take, kamar gindin tukunya. Ta miƙa ma malamar, ta ce: «Malama, duba mini. Wagga munduwa ta uwata ce. Na aje ta cikin kwalla tun kafin damana, ina son in ba ɗiyata ranar bukinta. Yau na buɗe, ga abin da na iske. Ko dai tun asali ba azurfa ba ce?»

Nan da nan shawara ta yi yawa. Wata ta ce: «Inna, rairai za ki sa, ki cuɗe ta kamar kwano.» Wata ta ce toka da ƙaiƙayi. Wata ta ce a jiƙa ta cikin ruwan jabel. Wata yarinya har ta ce ruwan batir ya fi sauri. Kowa da tashi dabara, kuma mafi yawan dabarun nan ɓarna suke yi. Shi ya sa munka ga ya dace mu yi bayani cikin jarida, don a karanta a kowace cibiya.

Mi ke sa azurfa baƙi?

Da farko, inna ta kwantar da hankalinta. Baƙin nan bai nuna cewa munduwar jabu ce ba. Azurfa ta gaskiya tana yin baƙi. Halinta ke nan.

Kun san farar wuta, wadda ake saidawa a kasuwa wajen masu magani, ana haɗa ta da mai don ƙazwa. To, akwai ɗan tururinta cikin iska, ido ba ya ganin shi. Yana fitowa daga abin da ke ruɓewa: kashin dabbobi, salga, ruwan da ya daɗe kwance, ruɓaɓɓen ƙwai. Warin ruɓaɓɓen ƙwai, warin tururin nan ne. In ya taɓa azurfa sai su haɗu, su yi wata fata a bisa. Da farko fatar rawaya ce. Daga nan ta koma ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗan shuɗi-shuɗi, a ƙarshe ta zama baƙa.

Wagga fata ba tsatsa ba ce. Tsatsa tana cin hauya har ta huda ta. Baƙin azurfa kuwa a bisa yake tsayawa. Bai kai kaurin ɓawon albasa ba, ko kusa. Ƙarƙashinshi azurfa tana nan lafiya lau.

Laima tana ƙara mashi sauri. Mu da ke cikin dallol, inda ruwa ke kusa, mun fi na tudu ganin haka. Da damana ɗaki na yin danshi, awaki na kwana tsakar gida, hayaƙin murhu na shiga ko'ina. Munduwar da ta yi rani guda tana haske sai ta baƙance cikin watanni kaɗan. Akwai kuma abubuwan da ke ɗauke da farar wuta a jikinsu. Ƙwai na gaba, sai albasa da tafarnuwa. Sai roba, irin ta tsohuwar tayar keke da muke ɗaure kaya da ita. Sai kan ashana, da bargon ulu, da sabulun ƙazwa, da man gyaran gashi na kanti. Wadda take son ta gani da idonta ta dafa ƙwan zabo, ta fasa shi da zafinshi, ta rufe shi cikin kwano tare da tsohon zobe. Ta buɗe bayan awa guda, ta ga launin zoben.

Zufa ma tana da nata rabo. Jikin wasu ya fi na wasu saurin baƙanta zobe. Wanga ba ciwo ba ne, ba kuma baki anka yi ma mutum ba.

Azurfa ba ta tafiya ita kaɗai

Azurfa tsantsa tana da laushi. In an yi zobe da ita kaɗai, zai lanƙwashe wajen daka ko jan guga. Don haka maƙeran fari ke zuba mata ɗan jan ƙarfe, ta yi ƙarfi. Haɗin da ya fi suna a duniya shi ne wanda Turawan Ingila ke ce ma sitalin. In an raba nauyin kashi 1000, kashi 925 azurfa ce, kashi 75 jan ƙarfe ne. A Ingila tun shekarar 1300 anka kafa doka cewa kayan azurfa su kai wanga matsayi, a kuma buga masu hatimi.

Ku da kunka koyi lissafi, ku duba cikin zobenku, ko wajen maɗaurin sarƙa. In kun ga 925, ma'anarshi ke nan. Wani lokaci za ku ga 900, ko 835, ko 800. Duk sa'ad da lambar ta yi ƙasa, jan ƙarfe ya ƙaru. Misali: munduwa mai gram 200, mai lamba 925, tana da azurfa gram 185 da jan ƙarfe gram 15. Ku gwada lissafin a allo tare da malaminku.

Kayan da iyayenmu mata sunka gada yawanci ba su da lamba. Rashin lamba ba aibi ba ne. Maƙeran da ba su buga hatimi. Tsofaffin kuɗɗi suke narkawa. Akwai liyari, mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Tereza. Ta rasu a 1780, amma anka ci gaba da buga kuɗɗin da wagga shekara a jikinshi. Saboda haka ganin 1780 bai nuna tsufan liyari ba. Nauyinshi gram 28, azurfarshi kashi 833 cikin 1000. Akwai tsohuwar dala ta Faransa, wato tamma 5 ta azurfa, mai gram 25, kashi 900 cikin 1000. Har yau in mun ce dala, tamma 5 muke nufi, ko da yake ta yanzu babu azurfa cikinta ko kaɗan. Daga wajen Argungu da Sakkwato kuma sulallan Ingilishi sunka riƙa shigowa. Na farkon, kafin 1920, azurfa ce mai kyau. Daga 1920 anka koma buga ma ƙasashen Afirka ta Yamma sulalla na tagulla.

Jan ƙarfen nan da ke ciki shi ma yana ƙara baƙi. In ya yi yawa, shi ke barin kore a yatsa.

Abin da rairai ke ci

To, mi ya hana a cuɗe da rairai, tunda haske ake so, kuma rairai na kawo haske?

Gaskiya ne, yana kawowa. Amma ku tambayi kanku ta yaya. Rairai ya fi azurfa tauri nesa ba kusa ba. Har gilashi yana karcewa. In kin cuɗa munduwa da shi, yana kankare baƙin, ya kankare azurfar da ke ƙarƙashi. Baƙin kanshi ma rabin jikinshi azurfarki ce, ko fiye, don ita ce ta haɗu da farar wuta. Baƙin ruwan da kike zubarwa bayan gida, dukiyarki ce ke bin ƙasa.

Wata za ta ce: ai kaɗan ne, bai kai ƙwarar gero ba. Haka ne, a cuɗa guda. Amma mu ƙidaya. Sallar azumi, sallar layya, buki guda, suna guda: sau 4 ke nan a shekara, in an taƙaita. Cikin shekara 30 ya zama sau 120. Ku dubi mundayen kakanninku. Zanen da maƙeri ya sha wuya ya yi, ya shafe. Bakin awarwaro ya yi kaifi kamar aska. Fuskar sarauniyar da ke jikin liyari ta zama sulɓi, ba hanci ba ido. Tsufa yana da nashi laifi, amma rairai ya fi shi.

Akwai wata ɓarnar kuma. Rairai yana barin ƙananan karce da ido ba ya gani sosai. Datti da zufa na shiga cikinsu, sai baƙin ya dawo da wuri. A sake cuɗawa, a ƙara karce. An shiga da'ira ke nan.

Mun tsaya a kan wagga magana don azurfar mace ta wuce kwalliya. Rumbunta ce. Mata da yawa ba su da gona da sunansu, ba su da ajiya a banki. Abin da ke hannunsu da wuyansu da kwallarsu, shi ne nasu. Waɗanda sunka ga yunwar 1973 da 1974, da ta 1984 da 1985, da wahalar 2005, sun san inda mundaye da yawa sunka tafi. An kai su kasuwa, an komo da tiyar hatsi. Ranar da ciwo ya kama yaro da dare, ana neman kuɗɗin mota zuwa likita Dogon Dutsi ko Doso, kwallar nan ake buɗewa. Mai saye kuwa ba ya sayen haske. Sikeli yake fiddowa. Gram yake biya.

Gram ɗin nan kuma ya yi tsada. A watan Oktoba na 2025 farashin azurfa a kasuwannin duniya ya wuce dalar Amurka 50 a kan awo guda mai gram 31. Ya zarce inda ya taɓa kaiwa a 1980. Ɗaya daga cikin dalilan yana nan bisa rufin ɗakunanmu: faifan sola da ke ba mu wuta yana da ɗan azurfa a ciki, haka ma wayar salula. Babu ƙarfen da ya kai ta iya ɗaukar lantarki. Ƙasar Meziko ce ta fi kowa haƙo ta, amma masana'antu na neman ta ko'ina. Ba mu san abin da farashi zai yi gobe ba, yana hawa yana sauka. Amma munduwar inna ba abin kankarewa ba ce.

Fara da sabulu

Sau da yawa abin da ake zaton baƙi ne, datti ne kawai: mai, zufa, ƙura, ragowar sabulu da ya daskare cikin zane. Don haka a fara da abu mai sauƙi. Ki sami ruwa mai ɗumi cikin ƙwarya ko roba mai tsabta. Ki sa ɗan sabulu ya yi kumfa. Ki bar kayan ciki kamar minti 10. Ki wanke da yatsa da tsumma mai laushi, irin na tsohon zanen auduga da ya sha wanki. Wurin da tsumma ba ya shiga, ki tattauna kan asuwaki har ya yi laushi, ki bi da shi a hankali. Tsohon buroshin haƙori mai laushi ma yana yi.

Ki ɗauraye da ruwa mai kyau. In ruwan rijiya ne ko na tabki, ki tace shi da ƙyalle, don rairai na ɓuya cikinshi. Sa'an nan ki tsane sarai, ki goge da busasshen tsumma. Kada ki bar ta ta bushe da kanta, ruwa na barin tabo. In baƙin bai wuce rawaya-rawaya ba, gugar tsumma kaɗai na iya fidda shi.

Kanwa da tsohon murfin tukunya

In baƙin ya kama sosai, kamar na munduwar inna, ga dabarar da ta fi. Kayan aikinta duk suna cikin gidanku.

Ana buƙatar kanwa, da ruwan zafi, da sanholo. Sanholo shi ne farin ƙarfen nan marar nauyi da ake zuba tukwanen zamani da ludayi da shi. Wasu na ce mashi goran ruwa, ƴan boko na ce mashi alminiyam. Ki nemi tsohon kwano nashi, ko murfin tukunya, ko guntun fasasshiyar tukunya. Kada ki ɗauki tukunyar girkinki mai kyau, don kanwa tana dusashe ta. Kwanon ƙarfe mai fenti ba ya yi. In kina shakka, ki sa mashi maganaɗisu: sanholo ba ya kamawa.

To, ga inda rairai ke da amfani. Ki cuɗe sanholon da shi har ya yi haske, sa'an nan ki ɗauraye shi tas, kada ƙwara guda ta saura.

Ki daka kanwa. Ki zuba babban cokali 3 ko 4 cikin lita guda ta ruwa, ki motsa ta narke. Ki bari ta kwanta, ki tace da ƙyalle. Wagga tacewa wajibi ce, don kanwar kasuwa cike take da ƙasa. Ki tafasa ruwan. Ki jera kayan azurfar cikin kwanon sanholo, ko bisa murfin da kinka sa cikin wani kwano. Kowane ɗaya ya taɓa sanholon da jikinshi. Wanga shi ne sirrin. In bai taɓa ba, babu abin da zai faru. Ki zuba ruwan zafin har ya rufe su.

Ki tsaya ki kalla. Za ki ga ƙananan kumfa na tashi. Za ki ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, don haka a yi aikin a fili, ba cikin ɗaki ba. Cikin minti 2 zuwa 5 baƙin zai fara gushewa. Ki juya munduwar da tsinke don ɗaya gefen ya samu. In baƙin ya daɗe, a sake da sabon ruwan zafi. Sa'an nan ki fiddo da ludayin icce, ki ɗauraye sosai, ki tsane. Za ta fito da ɗan duhu-duhu, kamar mai barci. Ki goge da tsumma, hasken zai taso.

Mi ya faru cikin kwanon? Ba sihiri ba ne. Ruwan kanwa ya zama hanya tsakanin ƙarfe biyu, kamar yadda ake yi cikin batir. Sanholo ya tilasta ma farar wuta ta saki azurfa. Farar wutar ta fita, shi ne warin da kinka ji. Azurfar da ke cikin baƙin kuwa ta koma azurfa, ta zauna inda take. Sanholo ne ya ci wuya, munduwa ba ta rage ba. Bambancin wagga dabara da rairai ke nan.

In babu kanwa, ruwan toka da kuke tacewa don miya yana iya yi, in ya yi ƙarfi kuma an tace shi da kyau. A farmasi da manyan kantuna akwai farin gari da ake ce ma bikarbonat. Ɗan uwan kanwa ne, kuma ba ya da ƙasa. Shi mutanen birni ke sawa.

A kula da yara. Ruwan zafi ne, kuma kanwa ce. In ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa. Kuma kada a mai da abin wasa, a riƙa yi kowane wata. Yawan yi na sa fuskar azurfa ta dusashe. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa ma wadda ke ajiya da kyau.

Ba kowane kaya ke shiga ruwan nan ba

Nan sai an yi hattara, don dabara mai kyau ma tana iya ɓarna.

Akwai baƙin da maƙeri ya sa da gangan. Ku dubi aikin maƙeran Buzaye, irin giciyen Agadas, da na Tawa, da na Damagaram, da zobba masu zane. Sukan baƙanta cikin layukan don zanen ya fito. In kin sa irin wanga kaya cikin ruwan kanwa, baƙin zai iya fita duka, zanen ya ɓace ma ido. Shi sabulu da tsumma kawai yake so. Ki goge tudun, ki bar kwarin da baƙinshi.

Laya mai gidan azurfa ba a jiƙa ta. Akwai takarda ciki, ruwa na shiga ta ƙaramar kafa. Haka munduwa mai rami ciki, da ƴan kunne masu ƙwallo: in ruwa ya shiga ba ya fita da sauƙi. Abin wuyan da anka haɗa da fata, ko baƙin icce, ko murjani, ko tsakiya, shi ma a bar shi waje. Zafi na fasa wasu duwatsu, yana narka ƙaron da anka manna su da shi, yana ruɓar da zare. In zai yiwu a tsinke zaren, a ware azurfar, a wanke ta dabam, a sake shiryawa da sabon zare. In ba zai yiwu ba, a jiƙa bakin tsumma a bi azurfar kaɗai.

Lemun tsami da tsamiya fa? Mata da yawa na sa su. Suna fidda maiƙo, suna fidda koren jan ƙarfe. Amma ba su iya baƙin farar wuta sosai. Kuma tsami na cin murjani. In kin yi amfani da su, kada ki bar kaya su kwana ciki, ki kuma ɗauraye da kyau. In kin haɗa da gishiri, to ɗaurayar ta zama sau biyu, don gishirin da ya saura a lungu yana cin azurfa sannu a hankali. Toka da man goge haƙori ƙannen rairai ne. Sun fi shi sauƙi, amma kankara suke yi.

Ruwan jabel kuwa maƙiyin azurfa ne. Yana baƙanta ta nan take, yana yi mata ƙananan ramu waɗanda ba su gyaruwa. Ki cire zobe kafin ki taɓa shi wajen wanki. Ruwan batir yana ƙona hannu, yana makanta ido, ba shi da wurin zama cikin gida. Kuma kada a kuskura a haɗa jabel da lemun tsami ko ruwan batir. Haɗin na fidda iska mai guba da ke kama ƙirji.

Ga gargaɗi ga samarinmu masu zuwa haƙar zinari. Tun da anka sami zinari a Jado a 2014 da yawa sun tafi, wasu na komowa da zaiba cikin ƴar kwalba. In zaiba ta taɓa zoben azurfa tana shiga jikinshi, ya yi gautsi. Kada a ce za a ƙona zoben a murhu don ta fita. Tururin zaiba guba ne, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya fi cutar da yara da masu ciki.

Ta gaskiya ce ko jabu?

Wagga tambaya ita ce ta fara damun inna, don haka mu ɗan taɓa ta. Azurfa tana da nauyi. Munduwar azurfa ta kusa ninka ta sanholo sau 4 in girmansu ɗaya. Hannu kaɗai na gane wannan. Maganaɗisu ba ya kama azurfa. In ya kama, ƙarfe ne anka shafa ma fari. Amma in bai kama ba, kada a yi saurin murna, don tagulla ma ba ya kama ta. Ku dubi wurin da ya fi gogewa, kamar cikin zobe ko bakin maɗauri. In ja ko rawaya na leƙowa daga ƙasa, shafe ne. Irin wanga kaya ko tsumma a bi shi da sannu, don fatar azurfar ba ta da kauri.

Akwai wani farin ƙarfe mai kama da azurfa ƙwarai, haɗin jan ƙarfe da wasu ƙarafa biyu, babu azurfa cikinshi ko ɗigo. Akwai kuma masu buga 925 a kan jabu, don hatimi ba ya da wuyar sassaƙawa. In kayan masu tsada ne, a kai ma maƙerin fari da anka sani, ya gwada kafin a biya.

Ajiya ta fi wanki

Wadda ta iya ajiya ba ta yawan wanki. Iska da laima ke kawo baƙi, to a tsare su. Bayan buki, ki goge zufa da mai, ki tabbata kayan sun bushe. Ki naɗe kowane ɗaya cikin nashi tsumman auduga, don kada su karci juna. Ki sa cikin leda mai tsabta, ki matse iskar, ki ƙulle bakin da zare. Da zare munka ce, ba da roba ba. Sa'an nan cikin gwangwani mai murfi ko kwalla. Wasu na ƙulla guntun gawayi cikin tsumma su sa ciki, yana taimakawa wajen shan wari da laima. Kada gwangwanin ya zama na ashana da maganin ƙazwa. Kada a aje shi ƙasa, jikin bangon da ke jiƙa da damana, ko kusa da murhu. Kada kuma a naɗe azurfa cikin takardar jarida, har wagga da ke hannunku. Ita karantawa anka yi ta.

Abin mamaki, zoben da ake sawa kullum bai cika baƙi ba. Hannu da tufa na goge shi. Dattawan da ke sa zoben azurfa don koyi da sunna shaida ne. Matsalarshi dabam ce: aiki ke cin shi. A cire shi wajen noma, da kwaɓar ƙasa, da cuɗar tukwane, da yankan albasa. Ke kuma mai ɗaura lalle ko shafa man gashi, ki gama tukuna, ki wanke hannu, sa'an nan ki sa kayanki.

In za a kai ma maƙeri

Abin da ya karye, ko ya lanƙwashe, ko ya tsage, aikin maƙerin fari ne. Kada ki miƙe munduwa da hannu ki sake lanƙwasa ta, nan take karyewa. Kada a kai ma mai gyaran rediyo ya liƙe da dalma. Dalma na manne ta yau, amma ranar da maƙeri ya sa ta wuta, dalmar za ta ci cikin azurfar, ta huda ta. Maƙeri na liƙi da haɗin azurfa. Yana iya gasa kaya ya dafa su cikin ruwan tsami su fito fari fat. Sai dai in ya sa magagari, shi ma yana rage nauyi. Ki gaya mashi gyara kike so, ba kankara ba.

Nan ne karatunku zai yi maku rana. Kafin ki ba da kaya, a aza su bisa sikeli a gabanki. Ki karanta lambar da kanki. Ki rubuta cikin littafinki: ranar kaza, munduwa guda, gram kaza, an kai gyara. Ranar amsa a sake awo, ki kwatanta. Maƙeri mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, don shi ma yana kare shi daga zargi. Yana da kyau ma kowace mace ta ware shafi guda ta rubuta kayanta duka da nauyinsu, da wanda ta gada daga gare shi. Ranar rabon gado ko ranar saidawa, shafin nan zai yi magana.

Munduwar inna dai, a ranar anka gwada ta. Malama ta aiki yarinya ta ɗauko tsohon murfin tukunya da kanwa, anka hura wuta bayan zaure. Sai da anka canza ruwa sau biyu. Da anka goge ta, sai ga wani zane na ƙananan ɗigo kewaye da bakinta. Inna ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce rabonta da ganin ɗigon nan tun tana budurwa.

Masu karatu na Tibiri, da Dumega, da Gesheme, da Kore Mairuwa, in akwai wata dabara da maƙeran garinku ko tsofaffinku ke yi wadda ba mu faɗa ba, ku rubuto muna da hannunku, ku ba malamin cibiyarku ya aiko.